Facin Gefen Hagu

Tun da wayar hannu ta cika gari aka daina kawo wa Malam Nu'uman gyaran agogo sai jefi-jefi, amma bai rufe shagonsa na Ƙofar Kwaya ba. Kayan aikin suna nan yadda suke: hantsaki mai bakin allura, 'yan sukurdirebobin da ba su kai tsinken sakace kauri ba, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Hannun da ya saba da ƙananan abubuwa kuwa ba ya yarda ya zauna haka nan. Sai Malam ya koma ƙera 'yan motoci da gwangwanin madara da waya da dalma. Kada ka ɗauka irin motar langa-langa ce da yara ke ja da zare. Tasa motar, in ka ɗaga bonet za ka ga inji, in ka leƙa ta taga za ka ga giya da birki da totur, kowanne a inda mai mota ya san yake.

Abin haushin shi ne, duk unguwar ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba da kyau. Zakari tela da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo ya ce, "Sannu da aiki, injiniya," ya koma kan kekensa yana dariya ƙasa-ƙasa. Matarsa Furera kuwa ba ta ɓoye nata.

"Malam, mutum da furfura a gemu shi wuni yana wasan yara? Ko gwangwanin tumatir ban isa in aje ba, sai in juyo in tarar an yi mashi tayoyi."

Yakan yi murmushi ya ƙyale ta, amma maganar tana yi masa ciwo. Shekara da shekaru yana aikin da idonsa ke ƙuna a kai, bai taɓa jin wani ya ce masa madalla da zuciya ɗaya ba. Yana jin yunwar wannan kalma fiye da yadda zai yarda ya faɗa wa kowa.

Motar da ke kan teburinsa a wannan damina ba irin sauran ba ce. Motar sulke ce ta soja, irin wadda ƙaninsa Sagir ke tuƙawa a hanyoyin bakin daji, inda 'yan bindiga suka hana manoma shiga gonakinsu. Shi ya riƙe Sagir tun rasuwar iyayensu, shi ya sa shi makaranta, shi kuma ya yi fushi na watanni da Sagir ya ce soja zai shiga. Yanzu fushin ya wuce, sai fargaba ta zauna a gurbinsa.

Da farko jikin motar na waje kawai ya ƙera, daga wani hoto da Sagir ya turo masa. Da Sagir ya zo hutu ya gan ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa ta ƙasa, ya fashe da dariya.

"Yaya, ai ƙwarya ce wannan, ba komi cikinta. Ina zan zauna?"

Shi ke nan ya ja benci ya zauna, hutun nasa kusan duk a shagon ya ƙare shi. Shi ya nuna inda kujerun sojoji suke, biyu suna fuskantar juna, da inda ake rataye abin kashe gobara, da yadda inji ya zauna a gaba ya tokare gwiwar direba ta dama har zafinsa kan dafa ƙafa. Nu'uman yana ji yana yanka. Kujerun da tsohuwar silifa ya yi su, ya fere ta ta zama kamar takarda. Sitiyarin wani zobe ne daga cikin agogon bango. Jikin motar kuwa gwangwani uku ya haɗa ya like da dalma, don a ji nauyinsa a hannu yadda sulke ya kamata ya yi.

Ana gobe zai koma, Sagir ya sa yatsa a bangon motar na hagu, daidai haƙarƙarin direba.

"Nan ka yi ƙarya, Yaya. Tawa motar ba haka take ba."

Ya ce wata rana sun taka nakiyar da aka binne a hanya, farantin wurin ya tsage. An ce za a aiko da sabo, ba a aiko ba. Sai suka kai ta wurin wani mai walda a ƙauye ya toshe wurin da ƙarfen da ake yin ƙyaure da shi, suka shafe da fenti, daga waje ba mai ganewa.

"Wallahi ko da ƙusa sai ka huda shi. Ga bututun mai ya bi ta nan, ga ni jingine da shi kullum." Ya yi dariya, irin dariyar da soja ke yi wa abin da ke hana shi barci. "Amma wannan tsakanina da kai ne. Kar ka sa shi."

Nu'uman ya ce to. Sai dai Malam yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko tun wurin ubangidansa na gyaran agogo: ba ya barin ƙarya a cikin aiki, ko a wurin da ido ba ya kai wa. Bayan tafiyar Sagir abin ya riƙa damunsa, duk lokacin da ya kalli bangon hagun nan sai ya ga kamar motar wani ce. Wata safiya ya ɗauki wuƙa ya yanke ɗan murabba'i daga bangon, ya toshe shi da fallen gwangwanin lemo mai laushi, ya ɗiɗɗiga dalma kewaye da shi kamar ɗinkin mai walda, ya shafe bayansa da fenti. Ya ce a ransa ai ba wanda ke duba aikinsa. A nan kam gaskiya ya faɗa, har zuwa wata Talata.

Ba a daɗe ba aka katse layukan waya a garuruwan bakin daji, don a toshe kunnen 'yan bindiga. Tun daga nan bai ƙara jin muryar Sagir ba. A cikin gari kuwa ba a maganar komai sai ta masu kai musu bayanai. Yau a ce an kama mai burodi, gobe a ce mai gyaran babur ne. Mutane suka fara rage murya in baƙo ya zauna a majalisa.

Ranar wata Talata, bayan an ɗauke ruwa da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar shagon. Dogo ne, cikin farar shadda mai guga, yana ƙamshin turare. Ya gaida Nu'uman, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa da ɗanyen gari, ya leƙa ya gaida Zakari tela shi ma, gaisuwa ta mutumin da ya san mutunci. Ya ce sunansa Alhaji Almu, hatsi yake saye da sayarwa a Ƙofar Marusa. Ya zaro wani tsohon agogo irin wanda ake murɗawa da hannu daga aljihu, ya ce na mahaifinsa ne, ya tsaya cak.

Nu'uman ya karɓa ya ajiye a faranti. Baƙon bai tafi ba. Idonsa ya sauka kan motar sulken, ya ce, "Malam, wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Alhaji. Ɗan abin rage zaman banza ne."

"Zaman banza? Subhanallahi. Ka yarda in duba?"

Ya zauna a kan bencin. Bai cafke ta kamar yadda mutane ke yi ba, hannu biyu ya sa ya tallabe ta. Nu'uman ya ɗage masa rufin, ya miƙa masa gilashin ido, abin da bai taɓa ara wa kowa ba. Alhaji Almu ya duƙa ya daɗe yana kallo. Ya ga abin kashe gobarar da aka yi da jan dutsen carbi. Ya ga 'yan agogunan gaban direba. Da aka buɗe masa wurin inji sai ya ce, "Kai!" da ƙarfi, har Zakari ya bar kekensa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

Injin kuwa ya isa a ce masa kai. Da dalma Nu'uman ya zuba shi, ya sassaƙe shi da bakin allura. Ya yi fanka da fallen gwangwani, ya yi wayoyi da zaren jan ƙarfe na tsohuwar rediyo. Har baƙin mai ya shafa masa da gashin kaza, ya busa kunkunniya a bakin salansa, don injin da ke aiki a daji ba ya zama fes. Saura kaɗan ya gama. Lagireton da ya yanka daga rariyar shayi yana cikin wani murfin kwalba bai ɗaura ba, fanbel ma bai sa ba, bututan mai suna zube a gefe.

Alhaji yana tambaya, Malam yana amsawa, bakinsa har kunne. Wannan mi ne ne? Ta ina iska ke shiga? Mutum nawa take ɗauka? Ƙofar baya ta ciki ake buɗe ta ko ta waje? Duk maganar da ya tara shekaru bai sami mai saurare ba, ranar ta ɓalle masa. Ya ce ai ba da ka ya yi ba, wanda ke tuƙa ta ne ya zauna nan kan bencin nan ya nuna masa komai, ƙaninsa ne.

"Allah sarki, Sagir," in ji baƙon. "Allah shi tsare su."

Nu'uman ya ce amin. Sai da amin ɗin ta fita ya ji wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya, don shi dai bai tuna ya ambaci suna ba. Amma ya ce a ransa duk unguwa an san Sagir.

Yatsan Alhaji Almu yana bin bangon motar ta ciki, sannu a hankali, ya wuce na dama, ya zagayo na hagu. Nan ya tsaya. Ya ɗan danna, fallen ya lotsa ya dawo.

"Wannan fa? Ko'ina tauri, nan kuma taushi."

A nan ne Allah Ya sa Nu'uman ya farga. Ya ji muryar Sagir kamar yana zaune a wurin. Ya ce, "Gwangwani ne ya ƙare mani, Alhaji, na toshe da abin da na samu."

"To, to," in ji baƙon. Ya kalle shi, ya sake kallon facin, ya cire gilashin ya ajiye. Fuskarsa ba ta nuna ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya miƙe yana kaɗe riga. "Na yi yawo, Malam, ban taɓa ganin hannu irin naka ba. Motar ga ta shiga raina ƙwarai."

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san abin da ake cewa in baƙo ya yaba wa abinka a gaban mutane, ya kuma san amsar da baƙon zai mayar. Kai ka ce nasa ne, shi ya ce a'a Allah Ya bar ka da abinka, a yi dariya a rabu, kowa ya yi wa kowa kara. Bakin Nu'uman bai ma jira kansa ba.

"Ai taka ce, Alhaji. In tana yi maka, ɗauka."

"Na gode," in ji Alhaji Almu. "Na karɓa."

Har Zakari sai da ya ɗaga gira. Nu'uman ya tsaya da murmushi a fuska wanda ya rasa inda zai kai shi. Da ƙyar ya lalubo abin cewa: injin bai ƙarasa ba, ga lagireto can a murfi, kunya ce ya ba babban mutum aikin da bai gama ba. Alhaji ya ce ba komai, ranar Juma'a in an sauko masallaci zai biyo ya karɓi agogo da mota gaba ɗaya. Ya yi sallama mai tsawo kamar yadda ya yi gaisuwa. Da ya juya ne Nu'uman ya lura da takalminsa. Riga fes, hula fes, amma gefen takalmin duk jan laka ne mai danƙo, irin wanda ba a samu a titunan birni.

Don ya kawar da tunani sai ya jawo agogon. Ya buɗe bayansa, ya maƙala gilashi, ya duƙa. Agogon lafiyarsa ƙalau. Ba datti, ba tsatsa, ba abin da ya karye. Wani ɗan silin tsinken ashana ne kawai aka fere aka cusa tsakanin haƙora, da gangan, da hannun da ya san inda zai sa. Ya sa hantsaki ya zare shi, agogon ya ci gaba da tafiya nan take. Nu'uman ya zauna yana jin ƙarar. Ba gyara ya kawo mutumin nan ba.

Washegari ya tari kurkura, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya tafi Ƙofar Marusa. Ya bi masu hatsi rumfa-rumfa yana tambayar Alhaji Almu, dogo, mai farar shadda. Wani ya ce bai san shi ba. Wani tsoho da aka ce a nan aka haife shi ya ce ba a taɓa yin mai hatsi mai wannan suna a wurin ba, sannan ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Lahiya kake cigiyarshi?" Nu'uman ya ce lafiya, ya juyo.

Ya kira lambar Sagir a hanya, ya sake kira a shago, duk da ya san ba za ta shiga ba.

Ya auna kowace hanya ya ga a toshe take. In ya ce ya fasa kyautar, ya zubar da girmansa gaban Zakari, wannan ma ƙarami ne, babban shi ne mutumin zai gane an gane shi, kuma ya san shagon, ya san unguwar. In ya je bariki, me zai ce? Ga cikin motarku na ƙera, ga inda take da rauni, ƙanena ya faɗa mini, ni kuma na baje wa baƙo? A wannan zamani da ake ɗaukar mutum a kan abin da bai kai haka ba? Shi a kira shi infoma, Sagir kuma a tuɓe masa kaki in ma an tsaya nan. Tsoro ya kama shi sosai, ba zai ɓoye wa kansa ba. Sai ya zaɓi abin da ya fi sauƙi ga mai aikin hannu, ya ce zai gyara da hannunsa.

Ya narke dalmar da ke kewaye da facin ya cire shi. Ya yanko gwangwani uku ya haɗa, ya saka su a gurbin, ya goge har sai da yatsa ya daina jin gaɓa. Fentin ne ya ba shi wahala, don sabo yana ƙyalli, tsoho ya dushe. Ya dama, ya shafa, ya goge, ya sake damawa. Ya busa ƙura a kai, ya shafa ɗan baƙin mai. Tun da yake bai taɓa zage ƙarfinsa a kan ƙarya ba sai wannan karon, kuma ta yi kyau, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Furera ta aiko da abinci ya huce a inda aka ajiye. Da ya koma gida da magariba ta dube shi ta ce, "Halan motar taka ta yi hatsari?"

Ranar Juma'a hadari ya haɗu tun kafin a tayar da salla, ya tsaya baƙi ƙirin ta gabas bai zubo ba. Unguwa ta yi shiru, Zakari bai ma buɗe ba. Nu'uman yana zaune shi kaɗai ya ji sallama.

Aka gaisa, aka tambayi iyali da ibada. Ya miƙa agogon. Alhaji Almu ya kara shi a kunne, bai tambayi abin da ya same shi ba, Nu'uman ma bai faɗa ba. Sannan ya tura masa motar a kan tebur.

Baƙon ya ɗage rufin da kansa, kamar wanda ya saba. Wannan karon bai nemi gilashi ba. Ya sa yatsa a bangon hagu ya danna. Ya ƙara dannawa.

"Ka gyara nan."

"Na samu gwangwani, Alhaji. Na ga bai dace in ba ka abu da faci ba."

"Madalla."

Ya buɗe wurin inji. Ya kalla ya kalla. Sannan ya miƙa hannu gefen tebur ya jawo murfin kwalbar nan, ya karkata shi yadda Nu'uman zai gani. Lagireton yana ciki. Fanbel yana gefensa. Bututan mai suna zube inda suke tun ranar Talata, har ƙura ta hau su.

"Malam," ya ce, murya a kwance, kamar mai yi wa ɗansa nasiha, "inji ka ce za ka ƙarasa. Don shi ka riƙe ta. Ga inji nan yadda na bar shi, ko ƙusa ba ka ƙara ba. Duk kwanakin ga wuri guda ka yi ta wahala a kai."

Nu'uman ya kalli murfin kwalbar, ya kalli bangon hagun.

"Ranar da ka ce gwangwani ne ya ƙare maka, wallahi na so in yarda. Na ce halan haka ne, mai aikin hannu yakan rasa kaya." Ya mayar da rufin a hankali, ya daidaita shi, ya tura motar gaban mai ita. "Riƙe abinka. Mutum bai kamata shi raba ka da irin wanga aiki ba. Abin da ka ba ni ya isa."

Ya ɗaura agogon a hannu, ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"In an maido waya, ka gaishe mani da Sagir."

Nu'uman bai san lokacin da ya rufe shago ba. Ya dai ga kansa a tsakar gida da motar a hannu, iska tana kaɗa kayan da ke kan igiya. Furera tana kwashe shanya. Ta ga fuskarsa ta ajiye kwandon. Ya zauna a bakin rijiya ya faɗa mata komai, tun daga dariyar Sagir har zuwa murfin kwalba, bai rage ba. Yana jira ta ce ai ta sha faɗa masa, don ta samu ranarta.

Ba ta ce ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani zane, ta karɓi motar daga hannunsa, karo na farko da ta taɓa ɗaya daga cikinsu, ta naɗe ta da kyau ta ƙulle. Ta koma ta ɗauko masa riga ɗaya da carbinsa ta cusa a leda.

"Tashi ka tahi bariki."

"Furera, in na shiga ba lalle su sake ni ba. Shi ma yaron aikinshi..."

"Su riƙe ka. Su kore shi. Shi dawo gidan ga ba kaki, in dafa mashi tuwo shi ci." Ta miƙa masa ledar. "Tun Talata ya kamata ka tahi, Malam. Tashi."

Ruwan ya kece yana cikin kurkura. Da ya isa ƙofar barikin ya jiƙe sharkaf, ya rungume ƙunshin a ƙirji. Sojan da ke gadi ya daka masa tsawa ya ce ya ajiye abin a ƙasa ya ja baya, ya ɗaga hannu. Ya yi yadda aka ce. Yana tsaye cikin ruwa yana maimaita sunan ƙaninsa da sunan garin da aka kai su, har wani saje mai furfura a kai ya fito daga ɗakin gadi. Sunansa Ayuba, a rubuce a ƙirjinsa. Ya tsuguna ya kwance zanen, ya ɗage rufin, ya daɗe yana kallon cikinta.

"Baba, wa ya nuna maka wannan?"

Nu'uman ya faɗa. Ya faɗi facin, ya faɗi baƙon, ya faɗi abin da ya yi da hannunsa. Yana magana yana ganin fuskar sajen tana canjawa, ya gane shi ma ya san facin.

Aka shigar da shi ɗakin gadi aka zaunar a benci, aka sa wani ya tsaya a kansa da bindiga. Bai damu ba. Idonsa yana kan Saje Ayuba, wanda ya ɗauki oba-oba, 'yar rediyon da sojoji ke magana da ita, daga kan tebur ya matsa kusa da taga ya fara kira da Turanci. Ya kira ya saki, sai shuuu. Ya sake kira. Wata murya ta amsa daga nesa, tana yankewa. Suka yi magana gajeriya, sajen ya sauke oba-obar bai juyo ba.

"Ranka shi daɗe, mi sunka ce?"

"Sun ce an kira su Sagir wani ƙauye, wai an ga 'yan bindiga. Sun fita bayan sallar Juma'a." Ya goge ruwan fuskarsa da tafin hannu. "Motar Sagir ce a gaba."

"To a kira shi! A ce mashi shi juyo!"

"Shi nake kira, Baba."

Ya sake ɗaga oba-obar ya danna, ya faɗi sunan da suke kiran motar da shi, ya saki. Nu'uman ya miƙe tsaye, mai bindigar bai hana shi ba. Ya matso ya kara kunne kusa da ita. Sajen ya sake kira, ya sake saki, su biyun suna saurare.